Gwangwanin da Ya Sha Yoyo

Igiyoyin shanya bakwai ne a bayan otal ɗin, kowace tana ɗaukar zanin gado shida, ka ga arba'in da biyu ke nan idan an cika su. A samansu rumfar kwano ce, a tsakiyar rumfar kuma ƙwan lantarki guda ɗaya wanda maigadi yake kunnawa da magariba ya kashe da asuba. Nan ne masarautar Baba Guga. Shekara ashirin da uku yana wanki da guga a wurin. Manaja biyar sun zo a kan idonsa, huɗu sun tafi. Dutsen guga goma sha ɗaya ne suka mutu a hannunsa. Amma ba a taɓa dawo masa da riga an ce ta koɗe ko ta ƙone ba, ko sau ɗaya. Idan ya gaya maka haka zai ce ba yabon kai yake yi ba, sannan ya sake gaya maka.

Da damina zannuwa ba sa bushewa a yini ɗaya, sai su kwana a kan igiya. Ga farin zani, ga fitila a kansa, ga kurmi a bayan katanga. Da safe sai ka tarar zannuwan sun cika da faɗa-wuta, wato 'yan uwan malam-buɗe-littafin nan da ba sa fita sai dare ya yi, su yi ta kewaya fitila. Da farko kakkaɓe su kawai Baba Guga yake yi, a hankali, don idan ka murƙushe ɗaya garin fiffikensa zai ɓata zani, a koma wanki. To, mai kakkaɓewa a hankali dole idonsa ya tsaya a kan abin da yake kakkaɓewa. Daga nan abin ya kama shi.

A daminarsa ta biyu ya ga wani ɗan ƙarami, faɗinsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Kore ne shar, ya shimfiɗa fukafukansa huɗu a jikin zani kamar yanzu aka sauke dutsen guga daga kansa. Fararen layuka biyu sirara sun ratsa fukafukan gaba, ɗaya ya zarce har kan na baya, kai ka ce ɗinkin tela ne mai kyan hannu. Bakin fukafukan farar geza ce mai ɗigo-ɗigo launin tsatsa, bakwai a kowane fiffiken gaba, biyar a na baya. Sau uku ya ƙirga.

"Kai," ya ce, "wannan ai ɗan gayu ne."

Sunan ya zauna.

Ba ya kashe su. Waɗanda zafin fitila ya kayar su yake tsincewa, ya kwantar a kan auduga cikin kwalin sabulu, ya jefa ƙwayar kafur saboda kiyashi. A ƙarƙashin kowanne yakan sa yankin takardar wanki ta ranar, wadda ofis ya buga wa hatimin kwanan wata. Ba don ya san amfanin hakan ba ne. Shi dai a sana'arsa ba a ajiye kaya babu takarda.

Kuma ya raba su yadda mai guga zai raba kaya, wato da irin ninkinsu. Akwai masu shimfiɗa, irin su Ɗan Gayu. Akwai masu rumfa, da suke kifa fukafukai kamar rufin kwano. Akwai masu naɗi, da suke nannaɗe jiki kamar tabarma, ka rantse tsinke ne. Na huɗu ya kira su 'yan taurin kai, don ba su da ninki ɗaya. Kwali hamsin da takwas, da gwangwanin biskit guda ɗaya, duka a kan kanta uku cikin siton da ke jikin ɗakin guga. Ƙwari dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha bakwai.

Dogo maigadi, wanda suka fara aiki wata ɗaya da shi, kullum sai ya leƙo.

"Sarkin ƙwari, an tashi lafiya? Ya talakawa?"

"Suna gaishe ka. Sun ce su ne suke gadin otal ɗin nan, kai kana minshari."

Wata Litinin Manaja ya shigo ɗakin guga da awon tela a hannu, ya auna ƙofar sito, ya auna bango.

"Baba, an sayo injin busar da kaya. Nan za a kafa shi. Daga yau kwana goma nake so in ga siton nan fayau."

"Ranka ya daɗe, kwalayen fa?"

"Ka kai gida. In ba haka ba ga duron shara can."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi dai inji yake gani a gabansa.

A gida kuwa Iya, matarsa, ko zama ba ta bari ya gama yi ba.

"Malam, ɗaki biyu gare mu, mu shida. Ina za ka sa su, a kaina? Kuma ni da idona in ga an shigo min da asu kusa da akwatin zannuwana?"

"Ba asu ba ne, Iya. Kuma matattu ne."

"To matattu ai binne su ake yi."

Ya yi dariya don ta ba shi dariya, amma abincin ranar rabi ya ci. Kwana goma, sannan aikin shekara ashirin da biyu ya tashi hayaƙi.

A kwana na uku wata baƙuwa daga ɗaki na goma sha huɗu ta zo har bakin ɗakin guga. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, takalminta duk taɓo. Ma'aikata suna kiranta Dakta.

"Baba, sannu da aiki. Ko zan sami aron tsohon zanin gado fari? Wanda ba a shimfiɗa wa baƙi."

"Me za ki yi da tsohon zani, 'yata?"

"Shanyawa zan yi a bakin kurmi, in haska masa fitila. Ƙwari nake nazari, irin masu zuwa wajen haske."

Baba Guga ya ajiye dutsen guga a tsaye. Ya dube ta, ya dubi Dogo da ke jingine da ƙofa.

"Aikinki ke nan? Da shi kike ci?"

"Da shi nake ci, Baba."

Dogo ya tafa hannu. "Shi ke nan, sun zama biyu!"

Baba Guga ya ba ta labarin ƙwarin da ya tara, suka yi da ita za ta zo ganin kwalayen washegari da hantsi. Da ta tafi, Baba Guga ya shiga sito ya goge kowane kwali, ya sabunta kafur. Sannan ya durƙusa ya jawo gwangwanin biskit ɗin daga can ƙasan kanta.

Wannan gwangwani shi ne abin kunyarsa. Wata safiya, shekara tara da suka wuce, ya tsinci Ɗan Gayu har guda tara a ƙarƙashin fitila, abin da bai taɓa faruwa ba. Don murna ya ba su gwangwani maimakon kwali. Ashe murfin yana da huda a gefe, rufin sito kuma yana yoyo daidai wurin. Da ya buɗe bayan sati uku, audugar gefe ɗaya ta jiƙe. Huɗun da ke can sun koɗe, sun koma launin busasshiyar ciyawa, fararen layukan ma sun ɓace. Huɗun da ke ɗaya gefen suna nan kore shar. Na tsakiyar kuwa rabi da rabi, fukafukan dama kore, na hagu sun koɗe. Ya shanya audugar ya mayar, ya tura gwangwanin ƙasan kanta, bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutumin da bai taɓa koɗar da rigar baƙo ba, ga shi ya koɗar da nasa na kansa.

Mai wanki ba ya nuna wa mai kaya abin da ya ɓata. Ya ɗauki gwangwanin ya kai duron shara, ya tura shi ƙarƙashin tsumma, ya dawo yana kakkaɓe hannu.

Awa biyar Dakta ta yi a siton nan, ko ruwa ba ta nema ba. Kwalin farko da ta buɗe ta ga takarda mai hatimi, sai ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku da sauri.

"Baba, duka suna da kwanan wata?"

"Ai ba a ajiye kaya babu takarda."

Ta zauna a kan bokitin da aka kifa. Da ya bayyana mata rabonsa na ninki, ba ta yi dariya ba. Ta ce 'yan taurin kan nan dangi shida ne ya cusa a ɗaki ɗaya, masu rumfa ma akwai gyara. Amma masu shimfiɗa, cikin ɗari biyu da sittin, ɗari biyu da goma sha ɗaya dangi ɗaya ne a wajen masana ma.

"Danginsu ana gane su tun suna tsutsa," ta ce. "Tsutsar takan jawo bayanta ta haɗa da gabanta, ta yi doro, sannan ta miƙe, kamar mai awon taƙi."

"Na san ta! Tana bin igiyar shanya tana aunawa. Ashe ita ce uwar Ɗan Gayu?"

"Ba uwarsa ba ce, shi ne da kansa yana yaro."

Ta ɗora ɗan ma'auni a kan Ɗan Gayu guda, ta ce milimita ashirin da shida. Ta nuna masa 'yan ƙahonnin kansu ta cikin gilashi mai ƙara girma. Mai ƙaho kamar mataji shi ne namiji, mai ƙaho kamar zare ita ce mace. Shi a da ya ɗauka masu zaren tsufa ne ya sa gashinsu ya zube. Suka ƙirga Ɗan Gayu tare: talatin da ɗaya, maza ashirin da shida, mata biyar. Ita a sati uku na yawo guda uku ta samu, duka maza. Ta ce a iya saninta koren nan ba shi da suna a littattafan masana, tana shirin raɗa masa.

Sai ya gaya mata maganar inji, da kwana shida da suka rage.

Fuskarta ta canza. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Koren nan zan iya ɗauka a jakata, in ka yarda. Sauran kuwa sai shugaban cibiyarmu ya ba da wuri da mota, shi kuma kullum kukansa ɗakin ajiya ya cika. Zan kira shi."

Ta kira. Shugaba ya ce ƙwarin otal ba su da wuyar samu, sai an nuna masa abin da babu irinsa a wani wuri.

Ranar Asabar, kwana na shida, ita ce ranar tafiyarta, motar za ta zo ƙarfe sha biyu. Da misalin sha ɗaya ta kawo masa zanin aro a ninke. Ninkin bai yi ba, ya warware ya sake.

"Na gode, Baba. Ni ma abin da ya kawo ni ban same shi ba. Har kwalayenka hamsin da takwas na duba ɗaya-ɗaya, ban gan shi ba."

"Wane ne?"

Ta ciro waya ta nuna masa hoto. Wani faɗa-wuta ne da aka soke da allura, ga tsohuwar takarda a ƙarƙashinsa.

"Shekara casa'in da wani abu aka kama shi a yankin nan. Guda huɗu ne kacal a ajiye, tun daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa. Ɗan uwan Ɗan Gayu ne, sai dai shi ba kore ba ne, kuma ba shi da layi."

Baba Guga ya sa tabarau. Launin busasshiyar ciyawa. Ya ce ta ƙara girman bakin fiffiken, ya bi da farce. Bakwai. Ya sauka na baya. Biyar.

"'Yata, wannan ba ɗan uwansa ba ne. Shi ne. Ruwa ya sha."

"Na yi wannan zargin, Baba. Kore yakan gudu idan danshi ya taɓa shi. Amma wanda ya fara rubuta shi ya ce haka launinsa yake, kuma ina layukan? Masana ba sa karɓar zargi. Sai in akwai wanda aka gani a tsakani."

"A tsakani kamar yaya?"

"Wanda ya fara koɗewa bai gama ba."

Hancinsa ne ya amsa, don a lokacin ƙaurin hayaƙi ya shigo ta taga. Asabar ce ranar da Dogo yake ƙona shara.

Mutumin da ya haura sittin, mai ciwon gwiwa, amma masu share ɗakuna sun ce ba su taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Tsakanin ɗakin guga da duro taku tamanin ne. Ya tarar da wuta ta kama sosai, Dogo yana tsaye yana juya ta da sanda.

"Dogo! Gwangwanin! Gwangwanin biskit!"

"Wane gwangwani?"

"Wanda na jefa ran Laraba! Mai jan murfi!"

Dogo ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya dubi Dakta da ta iso tana haki.

"Ni fa ba ɗauka na yi ba. Abin da aka zubar ai ba shi da mai shi."

"Yana ina?"

"Gwangwani mai kyau haka ka jefar? Sukarina kullum kiyashi..."

"Dogo, don girman Allah, ka zubar da na ciki?"

"Ka san ni da ƙyamar talakawanka. Na ce sai na sami mai juye min su. Yana ƙarƙashin benci."

A ɗakin gadi suka buɗe shi. Jifa da jijjiga sun yi ɓarna, uku sun farfashe sun zama gari. Shida sun rage: kore uku, koɗaɗɗu biyu, da na tsakiyar, ƙahonsa ɗaya ya karye amma fukafukansa huɗu suna nan. Dama kore, hagu busasshiyar ciyawa. Farin layin ya taho tiryan-tiryan a kan koren, yana isa inda ruwa ya taɓa sai ya ɓace.

"Bai ɓace ba," in ji Baba Guga. "Farin zare a kan koren yadi yana fitowa. Idan yadin ya koɗe, sai zaren ya ɓuya a ciki. Karkato shi wajen taga."

Ta karkata gwangwanin. Haske ya kwanta a kan fiffiken hagu, layin ya fito, siriri, daidai inda ya kamata.

Dakta ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago cewa ta yi, "Baba, me ya sa ka ɓoye min wannan?"

"Ɓatacce ne. Ni na bari ya jiƙe."

"Duk cikin siton nan babu abin da ya kai shi."

Ta ɗauki hoto goma sha biyu ta tura wa shugabanta, ta sallami motar sha biyu. Kafin la'asar ya kira har sau biyu. A kira na biyu ya tambayi kwalaye nawa ne, kuma da gaske kowanne yana da kwanan wata?

Ta gaya wa Baba Guga cewa sai ta duba cikin jikinsu a ɗakin bincike kafin ta rubuta, amma in ya tabbata, iri biyun da ake zato sun zama ɗaya. Kuma a ƙa'idar masana sunan da aka fara raɗawa shi yake zama. Wato sunan da ta shirya wa koren ya faɗi.

"Ka gani?" in ji Dogo. "Baiwar Allah ta zo raɗin suna, ka ce mata yaron yana da suna tun zamanin kakanni. Ka kyauta ke nan?"

"Ya kyauta," ta ce tana dariya. "Gara yanzu da bayan na buga a takarda."

Ran kwana na tara mota ta zo. Baba Guga da kansa ya jera kwalayen, masu shimfiɗa a gaba, 'yan taurin kai a baya, tsofaffin tawul goma sha huɗu a tsakani don kada su gogi juna. Gwangwanin kuwa a cinya Dakta ta riƙe shi. Ta rubuta cikakken sunansa a littafinta, ta ce za a buga shi a ƙarƙashin kowane ƙwaro, a layin wanda ya tara. Ya ce sau dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha huɗu ke nan, tunda uku sun fashe. Dogo ya bi motar har bakin ƙofa yana tambayar wa zai biya shi gwangwaninsa.

Ran kwana na goma aka kafa inji. Yana busar da zani ashirin cikin minti arba'in, kuma Baba Guga ya koyi sarrafa shi a yini biyu, har yana gyara wa wanda ya koya masa. Aka kwance igiyoyi bakwai ɗin. Ya nemi guda ɗaya, da tsohon zanin da Dakta ta ara, Manaja ya ce ya ɗauka.

Bayan wata huɗu saƙo ya zo ta wayar Manaja: an duba, iri ɗaya ne. A ƙarshen saƙon Dakta ta ce har yanzu ba a san ganyen da tsutsar Ɗan Gayu take ci ba, ko Baba zai sa ido?

Yanzu igiyar tana tsakar gidansu, tsakanin ƙofar ɗaki da bakin famfo, zanin a kanta, ƙwan fitila a sama. Iya ta kafa sharaɗi biyu: ba a shigar mata da ko ɗaya ɗaki, kuma ba da sabulunta za a wanke zanin ba. Ita take riga shi fitowa da safe. Ran nan yana ɗaura agogo ya ji muryarta daga waje.

"Malam, fito ka ga mutanenka. Goma sha bakwai ne yau. Akwai koren nan guda biyu, ɗaya mai mataji, ɗaya mai zare. Ka yi sauri kafin kaji su riga ka."